Wa ya fi laifi, Victor ko dodonsa?

Malama, kin tambayi wa ya fi laifi a littafin Frankenstein na Mary Shelley, wanda ya fito a 1818. Ni dai Victor, wanda ya haɗa dodon, nake ɗora wa. Daren da dodon ya buɗe ido a garin Ingolstadt na Jamus, Victor ya ranta a na kare saboda muninsa, ko suna bai raɗa masa ba. Shi kuwa dodon ya laɓe gefen bukkar wasu talakawa, ya koyi magana, yana yo musu itace da dare a ɓoye. Da ya roƙi a yi masa mata, Victor ya fara haɗa ta, sannan ya yayyaga ta a gabansa.

Ban wanke dodon daga kisan da ya yi ba, amma kukansa a kan gawar Victor cikin jirgin ruwa har yau yana sosa mini rai.