Amsa ga mai dokin da ke ci amma yana ramewa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa ingarmanka yana cin dusa da dawa yadda ya kamata amma kullum ƙara ramewa yake yi, ba ya son kilisa, yau ya yi ɗingishi da wannan ƙafa gobe da waccan, kuma kana neman sunan allurar ƙarin ƙarfi da za ka saya masa. Wallahi tausayinka ya kama ni, domin abin da ka kwatanta shi ne ya kusa raba ni da akawalina, wato baƙin dokina, kuma ina roƙonka ka dakata da maganar allura tukuna.

Ka shafa fuskarsa tsakanin ido da hanci, sannan ka taɓa ƙashin muƙamuƙinsa na ƙasa. Idan ka ji ƙashin ya yi kauri ta ɓangare biyu, to ka zargi dusar nan da kake ganin gata ce. Dusa da hatsi suna da sinadarin fosfaras mai yawa amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, alhali doki yana bukatar kalsiyam kusan ninki biyu na fosfaras, kuma idan bai samu a abinci ba jikinsa zai riƙa zaro shi daga ƙashi har ƙashin ya yi laushi. Daga nan ɗingishin da ke yawo daga ƙafa zuwa ƙafa yake fitowa.

Ni wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ne ya cuce ni, kuma har yau idan na tuna shi raina yana ɓaci. Bai buɗe bakin dokin ba, bai auna zafin jikinsa ba, daga ƙofar barga ya tsaya ya ce ƙarancin jini ne, ya yi ta zuwa yana soka masa allura yana karɓar kuɗi, kuma shi ne ya ce a rage harawa a ƙara dusa don ya yi saurin ƙiba. Wata asuba na tarar da dokin a kwance, ya kafa ƙafafun gaba yana son tashi amma na baya sun ƙi ɗaukarsa, jikinsa yana rawa, gumi yana zuba, yana bina da ido. Sai da maƙwabta suka zo muka zura buhuna ta ƙarƙashin cikinsa muka ɗaga shi. Da na kira mutumin nan sai ya ce wai baki ne aka yi wa dokin, daga nan kuma ya daina ɗaukar wayata. Allah ya isa tsakanina da shi.

Likitan dabbobi na gaskiya da ya zo ya ɗibi jini da kashi, ya sa aka rage dusa ƙwarai, aka koma ga harawar wake da ta gyaɗa saboda suna da kalsiyam, ya haɗa da garin kalsiyam wanda shi ya auna da kansa. Ya hana a ɗora masa sirdi na watanni domin ƙashin yana iya karyewa. Ƙarfinsa ya dawo, ko da yake kaurin fuskar bai baje gaba ɗaya ba.

Amma ba kowace kasala ce ƙarancin abinci ba, shi ya sa nake nanata gwajin jini. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi: idan ya yi fari ko rawaya, ga kuma kaska a ƙarƙashin wutsiya ko tsakanin cinyoyi, to cutar da kaska ke kawowa ko sammore sun fi kusa. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Selsiyus, abin da ya haura haka zazzaɓi ne, kuma abinci ba ya maganinsa. Ka lura ko yana zubar da dunƙulen ciyawa da ya tauna rabi ko kana ganin ƙwayar dawa a cikin kashinsa, domin wannan alamar turamen haƙoransa sun yi kaifi ce, ana goge su. Yaushe rabonsa da maganin tsutsar ciki? Don Allah kuma kada wani ya ba ka shawarar abincin kaji, akwai wanda ake sa wa maganin monensin, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki.

Kanwa da gishiri suna da amfaninsu, sai dai ba su maye gurbin kalsiyam. Idan kana kusa da Zariya ko Sakkwato, asibitocin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo suna yin waɗannan gwaje-gwaje. Kafin sakamako ya fito ka cika masa harawa da ruwa, kada kowa ya hau shi ko da hawan salla ne ya zo. Allah ya ba shi lafiya.