Afuwar Shugaban Ƙasa Ga Wanda Ya Ci Kuɗin Mutane: Na Sa Hannu Ko Na Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi. Ɗan yayana yana kurkukun Nsawam, an yanke masa shekara 8 saboda ya karɓi kuɗin mutane da sunan zai kai su aikin Hajji, ya cinye. Ya yi shekara 5, ga ciwon suga ya kama shi. Dangi sun rubuta takardar neman afuwa zuwa ga Shugaban Ƙasa, suna tara sa hannun manyan zango, sun ce ni ma in sa. Amma cikin waɗanda ya cuta akwai wata gwauruwa mai sayar da koko a layinmu, ta ce ita ba ta yafe ba. Shin shugaba yana da ikon yafe irin wannan a Musulunci? In na sa hannu ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tsaya ka tambaya kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Dokar ƙasa ta ba shugaba wannan iko. Sashe na 72 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce yana iya yafewa, ko ya rage hukunci, ko ya musanya shi da mai sauƙi, bayan ya shawarci Majalisar Magabata ta Ƙasa. Da wannan sashe Shugaba Akufo-Addo ya yi wa fursunoni 808 afuwa a Maris 2020 lokacin annobar korona, Shugaba Mahama kuma ya yi wa 998 a Agusta 2025. Amma kai abin da ke gabanka shi ne hukuncin Allah, kuma a nan malamai ba su zuba laifuffuka a kwando ɗaya ba.

Akwai haddi, wanda Allah da kansa ya yanka gwargwadonsa. In maganarsa ta kai gaban mahukunta, ƙofar ceto ta rufe. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaid ya roƙa mata. Annabi (SAW) ya yi fushi, ya ce abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Sannan ya rantse cewa ko 'yarsa Fatima ce ta yi sata zai yanke hannunta.

Akwai ƙisasi, haƙƙin jini. Shi kuma aya ta 33 a Suratul Isra'i ta danƙa ikonsa a hannun waliyyin wanda aka kashe, wato magajinsa, aya ta 178 a Baƙara ta sa yafiya a bakinsa. Sarki ba shi da ta cewa. Shi ya sa jama'a suka yi ca a Najeriya a Oktoba 2025 da sunan Maryam Sanda, wadda kotu ta yanke wa hukuncin kisa kan mutuwar mijinta, ya fito cikin jerin mutum 175 da Tinubu ya yi wa sassauci. Mu da muka yi karatun littafin fiƙihu na Risala a makarantun zango mun san Malikiyya sun ƙara tsanantawa: kisan gilla, wato kisan yaudara, babu yafiya a cikinsa ko daga waliyyi, wanda kuma aka yafe wa kisan ganganci sai an yi masa bulala 100 an tsare shi shekara guda.

Laifin ɗanku ba ya cikin waɗannan biyun. Ha'inci ne da cin amana, ba a yanke hannu a kansa, hukuncinsa ta'aziri ne, wato horon da aka bar wa mai mulki ya auna. A nan shugaba yana da sarari, ceto ma ya halatta. Annabi (SAW) ya saki Sumama ɗan Usal bayan an ɗaure shi kwana uku a ginshiƙin masallaci, ya kuma yi wa mutanen Makka afuwa ranar da ya ci garin da yaƙi. Sai dai malamai sun ɗaure wannan sarari da ƙa'ida: duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawa, dole ya rataya da maslaharsu. Sakin tsoho, da mara lafiya, da wanda ya gyaru, da rage cunkoson da kowa ya san ana fama da shi a Nsawam da kurkukun Adum, duk maslaha ce, ina kuma fatan lada ga mai yin ta.

Abin da ba maslaha ba shi ne afuwar sanayya. Kun tuna hayaniyar 2016, lokacin da Kotun Ƙoli ta ɗaure mutum uku na gidan rediyon Montie wata 4 saboda barazana ga alƙalai, shugaban ƙasa ya yi musu afuwa aka sake su bayan kimanin wata guda. A Amurka Biden ya yafe wa ɗansa na cikinsa a Disamba 2024, Trump kuma ya yafe wa kusan mutum 1,500 da aka tuhuma da afka wa majalisa. Ban shiga zuciyar kowa ba, ba kuma jam'iyya nake karewa ba. Amma yana yi mini ciwo in ga mai uwa a gindin murhu ya fita, yaron da ya saci akuya ya share shekaru ba wanda ya san sunansa. Wannan ita ce cutar da hadisin matar Makhzum ya yi gargaɗi a kanta.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Abu biyu ne a wuyan ɗanku: zaman kurkuku, da kuɗin mutane. Zaman kurkuku tsawatarwa ce domin jama'a, shugaba na iya rage shi. Kuɗin gwauruwar nan kuwa nata ne, ba shugaban da ya isa ya yi kyauta da shi. Ko an buɗe masa ƙofar Nsawam gobe, bashin yana nan. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi, to ina ga wanda ya cinye guzurin Hajjin mai koko, kuɗin da ta tara sidi-sidi tun da asuba a bakin wuta?

Don haka hukuncina shi ne: ya halatta ka sa hannu, amma ba yau ba. Ku fara zuwa wurin waɗanda aka cuta, ita a gaba. Ku je da kuɗi a hannu ko da kaɗan ne, da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu kan yadda za a biya saura. Dangin da suka iya zaga zango neman sa hannu za su iya zagawa neman gudummawa. In ɗanku ya tuba da gaske, ana iya biya masa daga zakka a rabon masu bashi da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, wannan shi ne ra'ayin da ya fi kyau a mazhabarmu. Kada ku taro mata limami da sarkin unguwa su zauna mata a ɗaki har kunya ta sa ta ce ta yafe. Abin da aka karɓa da kunya bai halatta ba.

Karanta takardar da idonka. In an rubuta cewa ƙage aka yi masa, ko an ce waɗanda aka cuta sun yafe alhali ba su yafe ba, sa hannunka shaidar zur ce, haramun ne. In akwai kuɗin da za a miƙa wa wani jami'i ya tura sunansa gaba, cin hanci ne, ka janye. Aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta ce mai ceto na alheri yana da rabo a cikinsa, mai mugun ceto kuma yana da nasa kason.

In kun fara biya, takardar ta faɗi gaskiya cewa ya yi laifin, ya yi nadama, ba shi da lafiya, kuma bashi yana kansa, to ka sa hannu ko da ita ba ta furta yafiya ba tukuna, domin ba haƙƙinta kuke roƙo a sarayar ba. In dangi suka ƙi zuwa wurinta, ka ƙi sa hannu, ka gaya wa yayanka dalili cikin ladabi, ka ci gaba da kai wa yaron magani da abinci.

Wallahu a'alam.