Zan iya sa fistin ƙira a injin tobo a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da Golf mai injin 1.8T a nan Mabera, cikin Sakkwato. Ina so in ƙara wa tobo (na'urar da ke cusa iska cikin inji) ƙarfi, kuma an ba ni shawarar in cire fistin da ya zo da motar in sa na ƙira. Ina taɓa kanikanci. Zan iya yin aikin a gida?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kwance inji da harhaɗa shi kana iya yi a gida, amma gyaran ramin silinda aikin masu borin ne, wato masu na'urar faɗaɗa ramin, kuma a nan ne ran injin yake.

Fistin da akasarin motoci ke zuwa da shi na zubi ne, wato an narkar da alminiyom an zuba a mazubi. Na ƙira kuwa matse ƙarfen ake yi da ƙarfi yana da zafi, shi ya sa yake jure matsi ba tare da ya tsage ba. Sai dai yana kumbura idan ya ɗauki zafi fiye da na zubi. A gaurayen alminiyom da ake ƙera shi da su, iri biyu aka fi sani. Mai lamba 2618 ya fi juriya, amma ya fi kumbura, don haka sau da yawa ana bar masa tazarar kusan milimita 0.09 zuwa 0.13 tsakaninsa da bangon silinda, kuma za ka ji yana ɗan ƙara da safe kafin inji ya ɗumama. Mai lamba 4032 yana da silikon kusan kashi 12 cikin 100, bai cika kumbura ba. Motar da ake hawa kullum, ni 4032 nake zaɓa mata.

Kada ka kai injin wurin borin sai fistin ya iso hannunka. A auna kowane fisti da maikiromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, a gindinsa, daidai wurin da takardar kamfanin ta nuna, sannan a gyara kowane rami daidai da fistinsa. Adadin da ke takardar shi ne abin bi, ko da mai borin ya ce ya saba da wani. Idan aka bar wa fistin ƙira tazara irin ta fistin zubi, ranar da ka taka motar a hanyar Gusau cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, fistin zai kumbura ya kama bango.

Haka ringi yake. Ramin 1.8T milimita 81 ne, kuma a injin tobo ana barin bakin ringin sama a buɗe da kusan milimita 0.40 zuwa 0.45, na biyu ya ɗan fi haka. Ka sa kowane ringi a raminsa, ka daidaita shi da kan fisti, ka auna da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, ka goge da magagari kaɗan-kaɗan daga gefe ɗaya. Idan bakin ya haɗe saboda zafi, kafaɗar fistin ce ke karyewa.

Akwai abin da mai ba ka shawara bai faɗa maka ba. A wannan injin, kwanrod, wato sandar da ke haɗa fisti da kiranshaf, ne ke fara lanƙwashewa idan aka ƙara ƙarfi, tun kafin fistin ya gaza. Tunda ka buɗe inji, ka canza su tare, ka kuma duba ko fin ɗin naka, wato ƙarfen da ke haɗa fisti da kwanrod, milimita 19 ne ko 20, domin duka biyun akwai su a 1.8T.

Ƙura ce babbar damuwata da aikin gida. Kada ka harhaɗa inji a tsakar gida, balle lokacin hunturu da hazo ke sauka. Ka samu ɗaki mai rufi, ka wanke ramukan da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya daina fitowa da baƙi, ka shafa mai nan take. Kibiyar da ke kan fisti ta fuskanci gaban inji, kuma kowane noti a ɗaure shi da sifana mai ma'aunin ɗauri.

Bayan ka tayar da injin, ka juye baƙin mai da wuri, ka yi ɗaruruwan kilomita ba tare da ka matsa wa tobo ba. Kafin ka ƙara matsi, sai wanda ya ƙware ya saita kwamfutar motar daidai da fetur ɗin da muke samu a nan, domin ƙwanƙwasar da mai ke yi idan ya fashe ba bisa ƙa'ida ba tana cinye fistin ƙira ma, sai dai ya ɗan fi daɗewa. Allah Ya ba da sa'a.