Filin Tambayoyinku: Wai da gaske ana su a kan ƙanƙara?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sanyi. Wannan makon saƙonni uku na haɗa wuri guda don duk kan abu ɗaya suke, wato kamun kifin da ake yi a ƙasashen sanyi in tafki ya daskare.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ka raba mana gardama. Naga wani bidiyo a Facebook wasu turawa sun tuƙa mota har tsakiyar wani fili fari fat, suka huda ƙasa suka zura ƙugiya sai ga kifi yana wutsil-wutsil. Abokina yace wai tafki ne ya daskare, ni kau nace haɗin kwamfuta ne, ai in ruwa ya zama ƙanƙara kifin ma ya daskare. Wa ke da gaskiya cikinmu? Daga mai karatunku a Ƙofar Baru, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ne da gaskiya. A Kanada da arewacin Amurka da Rasha da Finlan, daga wajen Disamba har Maris haka tafkunansu ke zama, sama ƙanƙara ƙasa ruwa, kifi na ta harkarsa a ciki.

Ka tuna da azumi in an jefa ƙanƙara a kular zoɓo ko kunun aya, ai ba ta nutsewa, a sama take yawo. Dalili shi ne ruwa in ya daskare kumbura yake, yana ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100, sai ya zamana ƙanƙarar ba ta kai ruwan nauyi ba. Sannan ga wani ikon Allah kuma, ruwa ya fi nauyi ne daidai lokacin da sanyinsa ya kai digiri 4 a ma'aunin Salsiyos, to in sanyi ya shigo duk ruwan da ya kai digiri 4 sai ya gangara ƙasa ya kwanta, wanda ya fi shi sanyi ya tsaya sama ya daskare, ƙanƙarar da ta rufe saman kuma ita ce ke tare sanyin iska kar ya ratsa ƙasa. Shi ya sa sai kaga a waje ana digiri 25 ƙasa da sifili amma can gindin tafkin ruwa na nan a ruwansa. Da daga ƙasa ruwa ke fara daskarewa da kifin waɗannan ƙasashe ya daɗe da ƙarewa.

Shi kifi zafin jikinsa bin na ruwa yake, in ruwa ya yi sanyi sai jikinsa ya mutu, ya rage yawo ya rage ci, amma yana raye. Abin da ke kashe shi ba sanyin ba ne, rashin iska ne. In dusar ƙanƙara ta yi yawa ta lulluɓe tafki haske ba ya shiga, ciyayin ruwa su daina ba da iskar oksijin, ruɓaɓɓun ganyaye a ƙasa kuma suna ta shanye wadda ta rage, a ƙananan tafkuna marasa zurfi sai ƙanƙara ta narke a tarar da matattun kifaye birjik a gaɓa.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ya iyali. Ɗana ne ke karatu a Kanada, jiya ya bugo yace wai abokansa za su kai shi kamun kifi bisa ƙanƙara ranar Asabar. Wallahi tun da ya faɗa ban runtsa ba, yaron da ko a dam ɗin Ajiwa bai taɓa sa ƙafa ba. In hana shi ne ko kau in bar shi? Daga wata uwa a Ƙofar Sauri, Katsina.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya shi ya dawo miki da shi lafiya. Hankalinki bai tashi a banza ba, ƙanƙara na cin mutane kusan duk shekara. Amma kuma dubban iyalai na zuwa har da ƙananan yara su dawo lafiya lau, tafkin Simko da ke arewa da Toronto ma cika yake da bukkokin masunta duk lokacin sanyi. Ni dai shawarata kar ki ce masa kar ya je kawai, don yaro in yana nesa zai iya ce miki toh ya kuma tafi ba ki sani ba. Ki kira shi ki yi masa tambayoyin nan, in ya kasa amsawa to sai ki hana shi da hujja.

Ki fara tambayarsa kaurin ƙanƙarar nawa ne, kuma wa ya auna. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota a Amurka, inda suka yi fice a wannan harka, tace in kauri bai kai inci 4 ba, wato santimita 10, kar kowa ya taka. Inci 4 mutum ne a ƙafa kawai, babur ɗin ƙanƙara sai inci 5 zuwa 7, ƙaramar mota kuwa sai an doshi inci 9 zuwa 10. A Kanada ƙungiyar agaji ta Red Cross ma ta fi tsanantawa, tace santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 in ana da yawa. Kuma fa wannan lissafin na sabuwar ƙanƙara ce garai-garai mai ɗan duhu ko shuɗi-shuɗi. Fara sol ɗin nan da ta cakuɗe da dusa rabin ƙarfi gare ta, sai an ninka kaurin. Wadda ta yi toka-toka kuwa ruwa ne a cikinta, ba a ma kusantarta.

Abin da baƙo bai sani ba shi ne kaurin ba ɗaya yake ba a ko'ina. Nan inci 10, ka yi taku kaɗan ka tarar da inci 2, musamman inda rafi ke shigowa ko fita, da ƙarƙashin gada, da inda idon ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, da gefen ciyayi. Shi ya sa masu abin suke tafe da dagi a hannu suna sara gabansu, kuma su huda su auna duk bayan kamar mita 45. A manyan tafkuna kuma iska ce abin tsoro. A Fabrairun 2009 a tafkin Eri ta ɓangaren jihar Ohayo a Amurka wasu masunta sun tarar da tsaga a ƙanƙara suka shimfiɗa katako suka tsallaka, iska ta taso ta yanke ɓangaren da suke kai ta tura shi cikin tafki, sai da aka zo da jiragen sama masu saukar ungulu da na ruwa aka kwashe mutum 134, ɗaya ya rasu. Ki gaya masa duk inda ya ga tsaga ya juya, ko da abokan sun tsallaka.

Sai kaya. Ya sa rigar kariya daga nutsewa, ya rataya ƙusoshin nan guda biyu masu mariƙi a wuya, waɗanda in mutum ya faɗa yake caka su a ƙanƙara ya jawo kansa, su kuma tafi da doguwar igiya. Kar ya sa kayan auduga a jiki, shadda ko jins ko singileti, don auduga in ta jiƙe riƙe ruwa take ta tsotse zafin jiki, ulu ya fi. A takalmi ya ɗaura ƙarafan hana santsi.

In tsautsayi ya gifta ya faɗa, Allah ya tsare, akwai wani da ya koyar a jami'ar Manitoba ta Kanada, Farfesa Gordon Giesbrecht, da ya yi suna kan binciken faɗawa ruwan sanyi, shi ya koyar da lissafin 1-10-1. Minti 1 na farko numfashi ne ke ƙwacewa, mutum ya yi ta haki, a nan ne ake shaƙar ruwa, to aikinsa kawai ya riƙe kansa sama ya natsu har numfashi ya dawo. Sannan yana da wajen minti 10 kafin hannu da ƙafa su daina jin magana, da kuma kamar awa 1 kafin sanyi ya sumar da shi. A cikin minti 10 ɗin nan ya juya ta inda ya fito don nan ne ƙanƙarar ta ɗauke shi ɗazu, ya ɗora hannuwa bisa, ya miƙe jiki yana bugun ruwa da ƙafa har ƙirjinsa ya hau, in ya hau kar ya miƙe tsaye, ya mirgina ya yi nisa tukun.

Wani abu kuma Hajiya wanda mu ma nan yake ɗaukar mana rayuka da hunturu, in an kai gawayi ɗaki aka rufe ƙofa da taga. Su ma a cikin tantin suna kunna hita mai gas, in ba a bar kafar iska ba gubar kabon monoksaid ke taruwa, ba ta da wari ba ta da launi, sai dai ciwon kai da jiri da barci. Ya ji haka ya fito waje nan take. Kuma rana gajera ce can a wannan lokaci, ki ce ya sauko kafin magariba, ya kuma faɗa wa wani a gari inda suka nufa da lokacin dawowa. In akwai hali su je wajen masu ba da hayar bukka, su ke auna ƙanƙarar kullum su kai mutum su dawo da shi. Ya sayi lasisi kuma, don can ba a su haka nan.

TAMBAYA: Gaisuwa Malam. Ni masunci ne, gado na yi, a dam ɗin Sabke nake kamu. Yaro ya nuna man wannan abin a waya, ina so in ji da wane irin kaya suke aiki. Kuma mu nan da hunturu kifi ba ya cin ƙugiya, su da ke cikin ƙanƙara ya suke yi yake ci masu? Daga wani dattijo a yankin Daura.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, ai ku ne malaman ruwa, abin da na sani dai zan faɗa. Farko akwai babban diril na huda ƙanƙara, na hannu ko na batir ko na fetur, faɗin ramin inci 6 zuwa 10, akasari 8. Akwai matsami na kwashe ɓarɓashin ƙanƙara don ramin sake daskarewa yake in an bar shi. Sandar fatsarsu gajera ce, ƙafa 2 zuwa 3, tunda ba jifa ake ba, zurawa ake kai tsaye, zaren kuma siriri saboda ruwan garai yake kifi na gani. Sai wani tarko na katako ko roba da ake girkawa bisa ramin, zare na ƙasa da ɗan kifi mai rai a ƙugiya, in babban kifi ya ja sai wata 'yar tuta ta ɗago, mutum na nesa ya hango ya rugo. A Minesota ƙugiya 2 doka ta yarda mutum ya zura a ƙanƙara. Masu kuɗi kuma na da na'urar da ake zura kanta a ramin tana nuna zurfi da inda kifi yake da ma ƙugiyarka tana sauka.

Amma ba kayan ne ke sa kifi ya ci ba Baba. Sun gane kifin da sanyi ya kama ba zai bi abinci da gudu ba kuma ba zai buɗe baki ga babban abu ba, don haka komai sai su ƙanƙanta shi, 'yar mitsitsiyar ƙugiya, tsutsa ɗaya ko biyu, a sauke ta har kusa da ƙasa a ɗan ɗaga, a riƙa girgiza ta a hankali a tsaya cak a sake, sau da yawa a tsayawar nan yake ɗauka, kuma cin nasa ɗan taɓi ne da in ba ka zuba ido kan bakin sandar ba ba za ka sani ba. Ba su kuma zama rami guda suna jira, mutum sai ya huda ramuka da yawa a jere daga gaɓa zuwa zurfi yana bi ɗaya bayan ɗaya har ya faɗa kan inda suka taru, don da sanyi kifi taruwa yake wuri guda, galibi inda ƙasa ta gangara ko gefen ciyayin da ke da sauran kore. Farkon daskarewa da dab da narkewa ya fi ci, tsakiyar sanyi sai haƙuri. Wani kifi nasu da suke kira wolai da asuba da faɗuwar rana yake farauta don idonsa na gani a duhu-duhu, wani kuma da suke kira faik haƙora gare shi, sai an sa waya a bakin zare.

Su ma masu taru suna nan. A tafkin Cagan da ke lardin Jilin a ƙasar Sin har yau huda ramuka suke a jere su zura ƙatuwar taru ta ƙarƙashin ƙanƙara, dawaki na zagaya wani turke suna naɗe igiyar har ta fito.

Namu kifin na ruwan ɗumi ne, karfasa in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 take rage ci, tarwaɗa ma haka, shi ya sa masu kiwon kifi ke rage abinci da hunturu. Don haka inda suka fi mu sammako mu jinkiri ya fi mana, tsakanin azahar da la'asar in rana ta ɗan gasa ruwa, a gefen da iskar hunturu ba ta dukansa kai tsaye. Ka gwada rage girman ƙugiya, ka yanka tanar biyu maimakon ka sa ta ɗungurungum, ka sauke ta kusa da ƙasa, in wuri ya yi shiru ka matsa gaba da jirgi. In ka gwada a Sabke dan Allah ka sa yaron ya rubuto mana yadda ta kaya, akwai masunta a Zoɓe da Jibiya da za su so su ji.