Amsa: An tsare baba don ƙanena ya gudu da bashi

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko 'yan sanda na da hurumin tsare mahaifinku a Gusau saboda ƙanenka ya ci bashi ya gudu. Gaskiya ba su da shi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sashe na 36 ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema, sashe na 32 kuma ya hana kamu kan maganar bashi zalla, wanga aikin kotu ne ba na caji ofis ba. Kuma tsarin mulki na 1999 sashe na 35 ya ce in akwai kotu a kusa, cikin awa 24 ake kai mutum gaban alƙali, beli kuma kyauta ne kar ka yarda ka ba da ko sisi.

Sai dai ka bincika da kyau, in baba ya sa hannu a takarda cewa shi ya tsaya mishi to mai kuɗin na iya maka shi kotu ya nemi haƙƙinshi, na ga irin haka a unguwarmu kuma dattijon ya biya, amma alƙali ne ya yanke ba a sel ba. Ka tafi da lauya gun DPO yau yau, in babu hali ka nemi ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali da lauya, wallahi tsoho bai kamata ya ƙara kwana can ba.