Tattakin Yini Guda a Karkara: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Likita, ni da abokaina mun shirya tattakin kilomita 30 a ƙafa cikin karkara, mu fita da asuba mu dawo kafin rana ta faɗi. Shekaruna 42, kuma aikin zama nake yi a ofis. Zan iya kuwa?

Za ka iya, Malam, amma ba a wannan makon ba. Mai lafiya kan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa idan hanya shimfiɗaɗɗiya ce. Wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da lissafi tun 1892 da har yau ake amfani da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawan tudu. Ka ga tafiyarku awa 6 ce ko da ba tudu, ba hutu. Da hutu da gajiyar yamma, ka sa awa 8 a ranka. Ƙafar da ta saba da kujera ba za ta ɗauki wannan farat ɗaya ba. Ka ba kanka mako 6 zuwa 8, ka fara da kilomita 5, kana ƙarawa kowane mako har ka yi 20 ka wayi gari kana takawa lafiya. Ka yi atisayen da takalmin da jakar da za ka tafi da su, kuma nauyin jakar kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinka.

Likita, ruwa nawa zan ɗauka? Wata ƙawata ta ce in yi ta sha ko ba na jin ƙishirwa.

Malama, rabin maganar ƙawarki gaskiya ne, ɗaya rabin kuma yana iya kai mutum asibiti. A yanayi mai sauƙi, wajen rabin lita a kowace awa ya wadatar. Idan rana ta take, gumin da mutum ke zubarwa kan kai lita ɗaya a awa, wani ma ya wuce, don haka dole a ƙara. Sai dai gumi ba ruwa kaɗai ba ne, da gishiri yake fita. Wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla fiye da abin da ya zubar, gishirin jininsa zai tsinke, sai ciwon kai, tashin zuciya, kumburin yatsu, daga nan ruɗewa har da jijjiga. Abin takaici, alamun suna kama da na ƙarancin ruwa, sai abokan tafiya su ƙara ɗura masa, su ƙara jefa shi cikin haɗari.

Ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan idan ƙishirwa ta taɓa ki, ki kuma duba fitsarinki. Idan ruwan ɗorawa ne mai haske, lafiya lau. Idan ya yi duhu ya ragu, ki ƙara sha. Idan kuwa fari ne tas kuma kina tsugunawa kowane rabin awa, kin wuce gona da iri. Ki tafi da ƙunshin ORS biyu, wato garin gishiri da suga da ake damawa a ruwa, ko ki haɗa da kanki: ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ruwan rafi kuwa, komai garai-garai ɗinsa, sai an tafasa ko an sa masa magani.

Wani abu da ba ki tambaya ba: idan ɗayanku ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, bugun zafin rana ne, zafin jikin ya kai digiri 40 ko fiye. A kai shi inuwa, a jiƙa shi sharkaf, a yi ta fifita, ana neman abin hawa a lokaci guda.

Duk doguwar tafiya sai ƙafata ta yi bororo. Mene ne magani?

Gogayya da danshi ke kawo shi. Kada ka tafi da sabon takalmi, kuma ka guji safar auduga domin tana riƙe gumi. Kafin bororo ya fito, za ka ji wani wuri a dunduniya ko ɗan yatsa yana zafi-zafi. A nan ake tsayawa, a cire takalmi, a busar da ƙafa, a manna filasta, a sauya safa. Idan ya riga ya tashi, ka rufe shi, kada ka ɓare fatar.

Likita, ina da ciwon suga da hawan jini. Haramun ne a gare ni?

A'a, Alhaji, tafiya ma magani ce gare ka, amma ka fara ganin likitanka. Idan awon hawan jininka ya kai 180/110, ka fasa har sai ya sauka. Idan kana allurar insulin ko shan glibenclamide, doguwar tafiya na iya faɗar da sugan jininka, don haka wataƙila a rage maka adadin na ranar. Kada ka rage da kanka. Ka tafi da na'urar awon suga. Da ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi ko jiri, ko awo ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, ka sha suga babban cokali ɗaya, ka jira minti 15, ka sake aunawa. Faɗuwar na iya biyo ka har cikin dare bayan ka dawo. Ka gaya wa abokan tafiya lalurarka tun kafin ku tashi, ka kuma duba tafin ƙafarka a kowane zango, domin mai suga kan ji rauni bai sani ba. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama kuwa, tafiya ta ƙare ke nan.

Zan iya shan ibuprofen tun kafin in fita don kada gwiwa ta dame ni?

Ban ba ki shawarar haka ba. Shi da diclofenac suna wahalar da ƙoda idan jiki ba ruwa. Gangara ce ke cin gwiwa, don haka ki riƙe sanda, ki taƙaita taku. Tsamin jiki na kwana 2 ko 3 ba komai ba ne. Fitsari mai launin baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani shi ne na zuwa asibiti a ranar.

In maciji ya sari ɗayanmu, kuma muna nesa da gari fa?

Kada ku tsaga wurin, kada ku tsotsa, kada ku ɗaure da igiya tamau, kuma kada ku ɓata lokaci wajen farautar macijin. Ku cire masa zobe, agogo da takalmi kafin kumburi ya zo, ku ɗora wa ƙafar karan ɗori don kada ta motsa, ku ɗauke shi maimakon ya taka. Ku lura da lokacin da aka sare shi, za a tambaye ku. Sai ku nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi, wanda ya kamata ku san inda yake tun kafin ku bar gida.