In sa wa turarena kuɗi, ko in ci gaba da bayarwa kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni matar aure ce a unguwar Birni ta Damagaram, 'ya'yana huɗu, ba na fita aiki. Gwaggona ta koya mini haɗa turaren wuta da humra tun ina budurwa, ko dala ba ta karɓa ba. Yanzu duk bikin da ya taso a dangi ko maƙwabta ni ake nema, wasu ma su zauna in koya musu. Maigida ya ce in fara sa kuɗi, surukata kuwa ta ce abin kunya ne in sayar da abin da aka ba ni kyauta. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki sa wa turaren kuɗi. Koyarwa kuma ki ci gaba da ita, amma ke za ki zaɓi wadda za ki koya wa da ranar da za ki koyar.

Sani Gwaggo ta ba ki. Ba ta ba ki itacen gab-gab da farcen turare da sukari da madarar turare da gawayin da kike saye yau ba, balle yinin da kike yi a gaban wuta hayaƙi na cin idonki. Ki kuma tuna shekarun da kika yi kina mata daka da kankare farce da wanke kwalabe da zuwa aike. Haka ake koyon sana'a a Damagaram tun kaka da kakanni, ko wajen dukawa ko maƙera: yaro ya biya da ƙarfinsa kafin ya samu sani.

Ta fuskar addini babu abin kunya a nan. Suratun Nisa'i, aya ta 32, ta ce mata suna da rabo daga abin da suka nema, kamar yadda maza suke da nasu. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh tana jima da ɗinkin fata da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu. Sai da ta samu sannan ta bayar.

Akwai kuma wadda ba ki ambata ba, ita ce ta fi damuna: bazawarar da ke unguwarku, wadda da turare take ciyar da marayunta, ko mai ɗan teburi a Kasuwar Dole. Duk kwalbar da kika bai wa mai hali kyauta, cinikinta ne ya tafi. Ke maigida na kawo hatsi, ita babu mai kawo mata.

Surukarki ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, zumunci take tsoron ya lalace. Kada ki yi gardama da ita. Ki same ta cikin ladabi ki ce, "Inna, duk bikin ɗiyar dangi, turaren da zan haɗa shi ne gudunmawata, su kawo kayan haɗi ni in ba da aikin hannuna." Ta haka kyautar ta samu suna, an san kin yi, an kuma san iyakarta. Wadda ta zo daga waje kuwa, kuɗin kaya da ladan aiki, kuma rabi kafin ki hura wuta.

Wajen lissafi ne na ga mata da yawa sun durƙushe, don haka zan tsaya a nan. A ce kayan haɗi sun ci jaka goma, kin fitar da kwalba goma. In kika sayar jaka ɗaya-ɗaya, kin yi wa mutane bauta ne da kuɗinki. Ki sa kuɗin kwalba, gawayi, kabu-kabun da ya kai ɗan aike kasuwa, da ladan yininki, sannan riba ta hau sama. Yawancin kayan turare daga waje suke shigowa, ta Kano ko ta gabas, farashinsu na bin canjin naira da sefa da halin da hanya take ciki. Kowa ya ga yadda kaya suka yi tsada da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023. Saboda haka da farashin da za ki sake sayo kaya gobe za ki yi lissafi, na jiya ya wuce. Uwar kuɗi ki ware ta a gwangwaninta daban, kada ta shiga cefane ko anko. Bashi kuwa, in dole ne, ki rubuta a gaban mai shi.

In babu jari, ki nemi ƙungiyar Mata Masu Dubara mafi kusa da ke. Tsarin nan a jihar Maraɗi ya fara a 1991 tare da ƙungiyar agaji ta CARE: mata su zuba abin da suka amince duk mako, su ranta wa junansu, ƙarshen zango a buɗe asusu a raba. Ya fi adashi ga mai sana'a, don ba sai kin jira kwasarki ta zagayo ba.

Koyarwa fa? Ki tsayar da rana guda, a ce Asabar bayan la'asar. Marainiya, bazawara, ɗiyar maƙwabta da ba ta da abin yi, ki koya musu fisabilillahi, kowacce ta zo da ɗan kayanta don ta san darajarsa. Matar mai hali da ke son buɗe shago ta biya, ko ta yi miki aiki na wasu makonni. Kada tsoron kishiya a sana'a ya sa ki rufe ƙofa; yadda ake haɗin ya cika Facebook da WhatsApp, masu saye hancinki da tsabtar hannunki suke bi.

Talla kuma, ki ɗora hoton kwalabenki a WhatsApp, ki bai wa mai kitso da mai lalle na unguwa ɗan ɗanɗano su turara wa amare. Ɗiyarki dai kada ta ɗauki tire lokacin lakkol. In ciniki ya kai sai an kai kaya gida-gida, ki sa ladan ɗan aike cikin farashi.